Tauraron ɗan'adam na ƙirga kwano, ba ya ƙirga tukwane

A daminar 2022, bayan ruwa ya janye daga garinmu da ke gefen kogin Haɗeja, wasu samari uku suka zo da mota, suka ajiye benci a gindin darbejiyar ƙofar mai unguwa, suka buɗe littafin rubutu irin na 'yan makaranta. Sankira ya zaga gari yana cewa duk wanda ruwa ya yi wa ɓarna ya zo a rubuta sunansa. Kafin la'asar sun rufe littafi sun kama hanya, don akwai wasu garuruwan a gabansu kuma hanyar ba ta biyuwa da dare. Gwaggona ba ta je ba. A ranar ɗakinta yana tsaye, ta ce ita ba za ta rubuta asarar da ba ta yi ba. Kwana huɗu da tafiyarsu, da asuba, bangon gabas da ya sha ruwa ya ƙoshi ya zauna, azara ta biyo shi. Allah ya sa tana tsakar gida tana alwala.

Da kayan tallafi suka iso bayan wajen wata biyu, littafin nan aka sake buɗewa. Wanda sunansa ke ciki ya ɗauki shinkafa da bandir ɗin kwano, wanda babu ya tsaya kallo. Na ga mutanen unguwar tudu, inda ko kaza ba ta jiƙa ƙafa ba, suna tura baro shaƙe da kaya. A gidan Baffa kuwa, inda magidanta biyar ke zaune bayan zaure ɗaya kowa da tukunyarsa, suna ɗaya aka rubuta, kaso ɗaya aka bayar. Na fara faɗa, Gwaggo ta riƙe mini hannun riga ta ce, "Ɗan nan, bar su, rabon kwaɗo ba ya hawa sama." Na yi shiru don girmanta, amma abin bai bar raina ba.

Tun daga ranar na gane cewa babbar rigimar da ke biyo bayan ambaliya a kan jerin sunaye take. Ruwa yana zuwa ya tafi cikin mako ɗaya ko biyu, amma takardar da aka rubuta a gindin bishiya ita za ta yi mulki har shekara ta zagayo. Da ita gwamnati za ta nemi kuɗi, da ita ƙungiyoyin agaji za su yi lissafi, da ita za a raba siminti. Shi ya sa idan na ji ana maganar amfani da taswirar zamani wajen auna ɓarnar da bala'i ya yi, nake kasa kunne. Ina goyon bayan abin ƙwarai, kuma ina ganin mun makara. Sai dai goyon bayan nawa yana da sharaɗi, don na lura masu tallar wannan fasaha sun fi son nuna hoton da aka ɗauko daga sama, alhali aikin da ya fi wuya a ƙasa yake.

Yadda abin yake aiki ba wani sihiri ba ne. Akwai taurarin ɗan'adam da ke zagaya duniya suna ɗaukar hoton ƙasa. Idan aka ɗauko hoton gari kafin ruwa, aka ɗora na bayan ruwa a kansa, kwamfuta za ta fitar da iyakar inda ruwa ya kwanta. Matsalar ita ce a watan Agusta da Satumba hadari ne ke rufe sama, kyamara ba ta ganin komai sai gajimare. Nan ne irin su Sentinel-1 na Tarayyar Turai ke da rana, don shi da rada yake aiki: yana aika sigina ƙasa ya saurari abin da ya dawo, dare ko rana, da hadari ko babu. Shimfiɗaɗɗen ruwa yana watsar da siginar gefe, sai wurin ya fito baƙi a hoton. Bayanansa kyauta ne, ɗalibin jami'a a Dutse ko Damagaram zai iya sauke su. Akwai kuma cibiyar UNOSAT ta Majalisar Ɗinkin Duniya da ke fitar da irin wannan taswira idan ƙasa ko hukumar agaji ta nema. Wannan na sama ke nan. Na ƙasa kuwa waya ce kawai da manhaja irin KoboToolbox: mai aiki ya tsaya a ƙofar gida, waya ta ɗauki lambar wurin daga GPS, ya ɗauki hoton bango, ya cika tambayoyi. Ko babu sabis tana ajiyewa, sai an samu ta tura. Da wannan aka yi amfani a garinmu, da mutumin tudu bai iya karɓar kwano ba, don ɗigon gidansa zai fito nesa da inda ruwa ya tsaya.

To amma mu dubi Maiduguri. A daren 9 zuwa wayewar garin 10 ga Satumban 2024 madatsar ruwa ta Alau da ke kan kogin Ngadda ta ɓalle, ruwa ya shiga gari mutane na barci. Gwange, Fori, Bulabulin, Kasuwar Monday, fadar Shehun Borno, asibitin koyarwa, gidan ajiye namun daji na Sanda Kyarimi, duk ya shige su. Ya karya katangar gidan yari fursunoni sama da 270 suka fice. Sama da mutum 400,000 suka bar gidajensu, aka sake buɗe sansanin 'yan gudun hijira na Bakasi da aka riga aka rufe. Rabon birnin da ganin irin wannan tun 1994. Hotunan sama na kafin ruwa da na bayansa sun yi ta yawo a intanet, kuma duk wanda ya gan su ya san girman abin ba sai an yi masa bayani ba. Ga mai neman taimakon duniya, wannan hoto ya fi jawabi dubu. Ga mai son sanin wace gada ce ta yanke, ta ina kwalekwale zai bi, ina ne tudun da za a kafa sansani, shi ma ya biya buƙata.

Abin da hoton ba zai faɗa ba shi ne abin da ya faru da Gwaggo. Gidan ƙasa ba lallai ya faɗi ranar da ruwa ya zo ba. Yakan tsotsi ruwa ta gindi, ya yi kwanaki yana tsaye kamar lafiya lau, sannan ya zube bayan an ce ruwa ya tafi. A lokacin ambaliyar Maiduguri tauraron Sentinel-1 ɗaya ne ke aiki, don ɗan'uwansa ya lalace tun ƙarshen 2021, sai a Disambar 2024 aka harba wani. Shi kuwa ɗayan sai bayan kwana 12 yake maimaita hanyarsa. Tsakanin wucewa ɗaya da ta biyu unguwa guda za ta iya nutsewa ta bushe. Kuma a cikin gari mai cunkoso rada tana rikicewa, don gine-gine suna dawo da sigina da ƙarfi ko da ruwa ya kai ƙirji a lungu. Ta fi iya fadama da gonakin shinkafa. Ko hoton kyamara mai kaifi ne, abin da zai nuna maka kwano ne. Kwano yana nan daram a kan ginshiƙi, alhali a ƙarƙashinsa katifa ta ruɓe, buhun gero ya tsiro, keken ɗinki ya yi tsatsa, shadda ta cika ta haɗe da rijiya. Wannan na ƙarshen ba ƙaramin abu ba ne, don 'yan makonni bayan ruwan Alau gwamnatin Borno ta sanar da ɓarkewar kwalara.

Sannan ga babbar: kwano ɗaya ba iyali ɗaya ba ne. Maiduguri gari ne da ya kwashe fiye da shekara goma yana karɓar mutanen da rikicin Boko Haram ya koro daga Bama, Gwoza, Dikwa, Marte da sauransu, kuma da yawansu ba a sansani suke ba, suna raɓe a gidajen 'yan'uwa ko suna haya ɗaki ɗaya. Idan aka ƙirga ɓarna da gini, mai gida ne zai fito, ko da shi yana zaune a wata unguwar da ruwa bai je ba. Ɗan hayan da ya rasa duk abin da ya mallaka babu shi a lissafi, don ba shi da kwano. Bazawarar da ke zaune a ɗakin baya da marayu huɗu babu ita. Almajiran da ke kwana a zaure babu su. Mu a al'adarmu da tukunya ake ƙirga iyali: waɗanda ke cin tukunya ɗaya su ne gida ɗaya. Babu tauraron da ya san wannan, kuma wanda ya tsara tambayoyin cikin waya, idan bai san shi ba, zai mayar da kuskuren littafin 'yan makaranta cikin kwamfuta, ya ƙara masa kwarjinin da ba a iya musu da shi. A da za ka iya cewa magatakarda ya yi son kai. Yanzu sai a ce maka, "Malam, na'ura ce ta fitar."

Saboda haka sharaɗina na farko shi ne lokaci. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ba za ka san abin da ya rushe ba sai ka san abin da ke tsaye jiya. Da girgizar ƙasa ta afka wa Haiti a ranar 12 ga Janairun 2010, masu agaji sun isa Port-au-Prince suka tarar babu taswirar kirki ta birnin. Ɗaruruwan 'yan sa-kai daga ƙasashe daban-daban suka zauna gaban kwamfutocinsu suna zana tituna da gine-gine a kan OpenStreetMap, taswirar da kowa ke iya gyarawa, suna kwafa daga hotunan sama. Cikin 'yan makonni suka zana birnin. Ana yawan ba da wannan labari a matsayin nasara, kuma nasara ce, amma darasin da masu abin da kansu suka ɗauka shi ne bai kamata a jira sai gini ya faɗo a kan mutane ba. Shi ya sa a 2014 ƙungiyoyin Red Cross na Amurka da Birtaniya da likitocin MSF da 'yan sa-kan OpenStreetMap suka kafa shirin Missing Maps, don a zana wuraren da ke cikin haɗari tun kafin ranar.

Abin da ke ba ni haushi shi ne mu nan Arewa mun taɓa yin irin wannan aiki, mun kuma ga amfaninsa. A yaƙi da shan inna, da aka ga taswirar hannu da masu rigakafi ke zanawa tana tsallake ƙauyuka da rugage, sai aka koma hotunan sama aka fitar da kowane matsuguni, aka ba ma'aikata wayoyi masu nuna inda suka taka. A Kano da maƙwabtanta aka gano unguwannin da ba a taɓa zuwa ba, ba don mugunta ba, don babu su a takardar kowa. Wannan na cikin abubuwan da suka kai mu ga ranar 25 ga Agustan 2020, da aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali. Waɗannan bayanai ba su ɓace ba, shirin taswirar matsugunai mai suna GRID3 ya gaji irinsu ya faɗaɗa. Jihohi kuma suna da hukumominsu na taswirar ƙasa, KANGIS a Kano, KADGIS a Kaduna, BOGIS a Borno, waɗanda aka kafa don rajistar filaye da takardun mallaka da kuɗin shiga. Wato idan maganar harajin fili ce, an san yadda ake nemo gidan mutum. Ina so in ga an nuna irin wannan ƙwazo wajen sanin gidajen da ke bakin Ngadda, da na Auyo da Kafin Hausa da Guri da Ringim, inda kowa ya san idan madatsun Tiga da Challawa suka cika kuma ciyawar kacala ta toshe hanyar ruwa, jinga ba za ta riƙe ba. Hukumar NiHSA mai lura da ruwan koguna a Nijeriya tana fitar da hasashen ambaliya duk shekara kafin damina, da sunayen ƙananan hukumomin da ke cikin haɗari. Ga jerin wuraren da za a fara nan, an riga an rubuta mana.

Ƙidayar jama'a ta ƙarshe a Nijeriya a 2006 aka yi ta. Yaron da aka haifa a shekarar yanzu ya isa aure. Da ruwa ya share unguwannin Tiffin Maza da Unguwar Hausawa a Mokwa ta jihar Neja ranar 29 ga Mayun 2025, aka tabbatar da mutuwar sama da mutum 150, abin da ya fi tayar da hankali shi ne adadin waɗanda suka ɓace ya yi ta sauyawa daga baki zuwa baki. Idan gida ya tafi da mutanensa duka, wa zai zo ya ce ga su nawa ne?

Sai maganar wanda zai riƙe wayar. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Baƙon da aka ɗauko daga babban birni aka ba shi kwana uku da kuɗin mota zai tsaya a zaure, ya tambayi wanda ya tarar, ya wuce. A gidaje da yawa ma rubutu zai gani a bango, "Ba shiga," kuma ba zai shiga ba, daidai ne kada ya shiga. Ke nan duk abin da ya shafi mata, jarin ƙuli-ƙuli, awakin da ruwa ya tafi da su, kayan ɗakin da aka shekara ana tara wa 'ya, sai dai abin da namiji ya tuna ya faɗa. Dole a sa mata a aikin, 'yan unguwar, kamar yadda aka yi a rigakafi. Muna da matasa masu digiri da difloma zaune a majalisa suna cinye data a TikTok; koya musu cika fom a waya aikin yini biyu ne. Mai unguwa ko Bulama ya zaga tare da su, don shi ya san cewa ƙofa ɗaya ce amma tukwane biyar.

Na san abin da wani zai ce: ai masu unguwannin ne ke cusa sunayen 'yan'uwansu. Gaskiya ne, ana yi, na gani da idona. Amma nan ne haɗin ke da daɗi. Mai unguwa yana gyara wa taswira abin da ba ta gani, taswira kuma tana ɗaure masa hannu, don duk sunan da ya kawo sai an tsaya a ƙofar gidan an ɗauki hoto da lambar wuri. Ba zai iya ƙirƙiro gida a tsakiyar kududdufi ba. Ɗan siyasar da ke son aiko da nasa jerin daga sama shi ma zai sha wuya, kuma ina zargin wannan na cikin dalilan da suka sa ba a ɗokin abin.

Wannan ɗaurin kuwa ba zai yi aiki ba idan taswirar ta ƙare a kwamfutar ofis ko a rahoton Turanci mai shafi tamanin da aka rubuta don masu ba da kuɗi. A buga ta a babbar takarda, unguwa unguwa, a liƙa a bangon makarantar firamare ko ƙofar mai unguwa, gidan da ya rushe da ja, wanda ya tsage da ruwan ɗorawa. A karanta sunaye da ƙarfi bayan sallar Juma'a don wanda bai iya karatu ba. A bar ƙofar gyara a buɗe wata guda, a sake zagayowa bayan mako biyu saboda gidajen da ke faɗuwa daga baya. 'Yan Kenya da suka ƙirƙiro manhajar tattara rahotannin jama'a a kan taswira bayan rikicin zaɓen 2007 sun sa mata suna Ushahidi, kalmar Suwahili da ke nufin shaida, tushenta ɗaya da tamu. Sunan ya dace. Shaida kuwa a gaban mutane ake bayar da ita, inda wanda aka yi wa ƙarya zai iya miƙewa.

Akwai tsoron da ban raina shi ba. Talaka ya san cewa duk ranar da hukuma ta zo auna gidansa, ba kullum alheri ke biyowa ba. Taswirar da ta nuna gidanka ya nutse ita ce kuma ke nuna cewa a kan hanyar ruwa ka yi gini, kuma wanda ya zo da shinkafa bana zai iya dawowa da katafila baɗi. Ba na cewa a bar mutane su ci gaba da kwana a bakin kogi. Wasu wuraren dole a tashi. Amma mutum bai gina gida a kwari don yana sha'awar ruwa ba, filin da kuɗinsa ya kai ke nan, kuma sau da yawa da sa hannun wani mai hatimi ya saya. Idan za a yi rusau a fito a faɗa, a yi maganar diyya da inda za a koma, kada a fake da rajistar tallafi. Ranar da mutane suka gane cewa wayar nan tarko ce, ba za su sake buɗe ƙofa ba, har ga mai rigakafi. Haka kuma lambar waya da hoton ɗakin matar mutum da lambar asusunsa na banki ba abin liƙawa a bango ba ne, kuma ba abin tura wa kowa a WhatsApp ba ne. Nijeriya tana da dokar kare bayanan mutane tun 2023, sai a yi aiki da ita. A wuri irin Borno ko Zamfara ma, taswirar da ke nuna inda aka tara mutane da abinci ba kowa ya kamata ya gan ta ba. Jirgi mara matuƙi kuwa, da ake ta yabo, ba a tashinsa sai da izinin hukumomin jiragen sama da na tsaro, kuma wanda ya jira sai ruwa ya zo kafin ya nemi izini zai same shi bayan kaka.

Da Babbar Sallar da ta wuce na je gida, na buɗe OpenStreetMap a waya na nemo garinmu. Suna ne kawai da zare ɗaya na hanya, sauran fili fari fat, kamar ba a taɓa haihuwar kowa a wurin ba. Ni da ɗan yayana muka ari kwamfutar wani malamin makaranta, muka kwana biyu muna zana gidaje daga hoton sama, murabba'i bayan murabba'i, har idona ya yi ja. Da muka gama unguwarmu muka kai wa mai unguwa, na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, ga garinka." Ya sa tabarau ya daɗe yana kallo, yana bi da ɗan yatsa. Ya ce wannan da muka zana gida ba gida ba ne, rumbunan Alhaji ne guda uku a jere. Wancan kuma da muka bari fili, bukkokin Fulani ne da ke sauka duk rani. Sannan ya ɗora yatsa a kan wani layi da muka yi wa alamar hanyar mota, tsakanin makabarta da gidan Gwaggo, ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau.

"Wannan wa ya ce muku hanya ce? Ta nan ruwan yake shigowa."